Katangar Haggai a Mafitar Ruwa

A Tungar Gamji, ƙauyen da ke maƙale a gindin tsauni tsakanin Zuru da Ribah, kana iya yi wa Haggai gardama a kan ranar da ya kamata a fara shuka, ko a kan wa ya fi murya a majami'a, har ka ci nasara. Amma idan magana ta biyo ta kan dutse, gara ka yi shiru ka huta. Shekarunsa sittin da takwas, kuma tun bai fi goma ba yake jera duwatsu a jikin tsauni. Gonakin wurin ba shimfiɗaɗɗu ba ne, hawa-hawa suke, kowane hawa da katangar dutse a bakinsa mai tare ƙasa kada ruwan sama ya kwashe ta. Ba siminti, ba laka. Dutse ne kawai a kan dutse, kowane ɗaya ya zauna a kan biyu. Idan Haggai ya ɗauki dutse ya juya shi sau ɗaya a hannu, ya riga ya san inda zai kwana har shekara hamsin.

Da duwatsun nan ya auri Keziah. A al'adar Dakarkari saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato ya shekara bakwai yana noma wa surukinsa. Sauran samari noma kawai suka yi suka karɓi matansu. Shi kuwa Haggai, bayan noman, sai da ya kewaye gonar uban Keziah da katanga hawa tara, kuma har yau suna nan tsaye, tsohon ya daɗe da rasuwa. Ba a yin hira da shi ta kai rabin sa'a bai kawo zancen hawa taran nan ba. Keziah takan ce ita dai ba ta san ko ita ya so ba ko tsaunin ubanta.

Abin da ƙauyen ba shi da shi shi ne ruwa. Sau biyu aka zo haƙa rijiyar burtsatse, sau biyu injin ya ci karo da dutse busasshe ya koma. Dam ɗinsu kawai suke da shi, wanda katafila ta yi musu shekara ashirin da suka wuce: aka tara jar ƙasa tsakanin tsauni biyu ta zama jinga mai tsawo, ruwan damina ya taru a bayanta. A gefe ɗaya, inda jingar ta haɗu da dutse, masu aikin suka bar wata hanya mai faɗin taku goma sha biyar, wadda ta fi kan jingar ƙasa da kamu uku. Ita ce mafitar ruwa. Idan dam ya cika, ta nan rarar take bi ta gangara rafi.

Da can ruwan yakan kai su har saukar damina. Amma kowace shekara taɓo yana ƙara cike cikin dam ɗin, domin samarin da ya kamata su gyara katangun tsauni duk sun shiga soja, ƙasa tana zubowa ba mai tare ta. A shekarar da muke magana, tun farkon Maris dam ya zama fili mai tsattsagewa. Mata suka koma gulbi, tafiyar sa'a guda, su tona yashi su jira ruwa ya tsattsafo.

Keziah ba ta da mai ɗauko mata. Ɗansu Philemon soja ne, yana can gabas da matarsa a bariki. 'Yarsu Jessica tana aure a Dirin Daji. Gwiwar Keziah ta dama kuwa ta kumbura tun shekara biyu, idan ta tsuguna sai ta dafa wani abu take tashi.

Wata ranar Laraba da hantsi Haggai yana dawowa daga duba itacen da ya sare, ya tarar da ita zaune a gefen hanya. Jarkar ta faɗi, murfin ya ɓalle, ruwan da ta yi sa'a uku tana nema ƙasa ta shanye shi. Ba ta kuka. Tana dai riƙe da gwiwar da hannu biyu tana kallon inda ruwan ya jiƙa. Haggai ya tsaya a kanta, ransa ya ɓaci, kunya kuma ta kama shi. Amma bai ɗauki jarkar ya koma gulbi ba. A Tungar Gamji namiji ba ya ɗebo ruwa. Zai iya ɗaukar dutsen da ya kai nauyinsa ya hau tsauni da shi, amma jarka ta mata ce. Sai ya ƙwalla wa ƙawarta Margaret kira ta zo ta kama ta, shi kuma ya bi su a baya hannunsa na dukan cinya. Ranar bai iya cin tuwo ba.

Washegari ya tafi dam ya tsaya a mafitar ruwa yana dubawa. Ya tuna yadda duk watan Agusta ruwa ke kwarara ta nan mako uku ko huɗu, ba dare ba rana, yana tafiya ƙasar wasu. Ga mutumin da ya tashi a gonar tsauni, ruwan da ke gudu ɓarawo ne, kuma maganinsa ɗaya: a jera masa dutse. Haka ya yi duk rayuwarsa, bai taɓa yin nadama ba. A ganinsa dam ba wani abu ba ne illa babban hawa na gona da aka manta ba a yi wa bakinsa katanga ba.

Ran Lahadi bayan sujada ya kawo maganar a gindin mangwaro. Shugaban kwamitin dam, Saje Francis, tsohon soja ne mai son a yi komai bisa ƙa'ida. Ya ce masu katafila ba su bar wurin a banza ba.

Haggai ya ce, "Masu katafila sun sha ruwan gulbi a watan Maris? Sun yi aikinsu sun tahi. Ni ba duka zan toshe ba, Saje. Kamu ukku na, in ɗauki biyu in bar ma ruwa guda."

Saje Francis ya yi shekara ashirin da biyu a soja, amma a ɓangaren busa ƙaho ya yi su, bai taɓa gina ko da kwalbati ba. Ya dubi matan da ke zaune, ya ga duk shi suke kallo. Ya ce to, kamu biyu, kada a wuce.

Aka yi mako uku ana aikin. Maza da mata suka riƙa sauko da duwatsu daga rusassun katangun gonakin da aka bari, Haggai yana zaɓa yana jerawa. Bai taɓa yin aiki da zuciya ɗaya irin wannan ba tun zamanin golmo. Ya kwantar da kowane dutse da ɗan karkata wajen dam, yadda idan ruwa ya turo sai ya ƙara matse su. A bayan katangar ya dandaƙa laka don kada ko ɗigo ya wuce.

Ana cikin mako na biyu Zakariyya ya biyo da shanunsa. Makiyayi ne da ya daɗe a yankin, rugarsa tana bayan tsauni, kuma kullum ta kan jingar yake ratsawa da garkensa. Shi da Haggai sun shekara talatin suna tsokanar juna.

Ya jingina da sandarsa ya ce, "Baba Haggai, sannu da aiki. Mi kake ginawa nan, ɗaki na ko rumbu?"

"Ruwa nike ɗaurewa, don shanunka su bar shan taɓo."

"Na gode. Amma ni dai na ga irin wanga aiki can gaba da Ribah, shekara huɗu da sunka wuce. Su da buhunan yashi sunka toshe tasu mahita. Da ruwa yar rasa ƙohwa, sai yab bi ta bisa jinga. Kahin a kai ga la'asar babu dam."

Haggai ya yi dariya har da dafa dutse. "Buhun yashi! Duba da kyau, Zakariyya, ka ga buhu nan? Wanga aiki ko katafila ba ta ture shi."

Zakariyya ya ce, "Ai ba buhun na yaf fashe ba, Baba. Buhun ya riƙe. Jingar ta tat tahi."

Maganar ta shiga kunnen Haggai, amma ba ta samu wurin zama ba. Ya ce mutumin da bai taɓa kwana a ɗakin da ya wuce shekara biyu ba, ba shi zai koya masa gini ba. Zakariyya ya yi murmushi, ya kaɗa shanunsa ya wuce.

Da aka gama, katangar ta yi kyau, wannan ba mai musu. Mutane daga ƙauyukan kusa suka zo kallo. Da damina ta sauka, hanyar da ruwa ya saba bi a ƙasan mafitar ta zama fadama mai laima ba ambaliya, sai Keziah ta ce ita kam ba za ta bar wannan ƙasa ta tafi a banza ba. Ta shuka shinkafa a ciki, tana ja da ƙafa tana dasawa. Shinkafar ta tashi kore shar, ta fi ta kowa a garin.

A tsakiyar Agusta dam ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ya haɗiye dutsen da mata ke wanki a kai, ya shiga gindin kanya, ya miƙe har kwanar tsauni. Kullum da safe Haggai yakan je ya tsaya a kan katangarsa, hannu a baya, yana lissafin watanni: wannan ruwa zai kai su Afrilu, ya ma taɓa Mayu. Keziah ba za ta ƙara taka hanyar gulbi ba. Idan mutane suka gaishe shi da aiki sai ya ce ai ba komai, amma yakan tsaya har su gama yabon.

Sai aka yi kwana uku ana ruwa a kan tsaunuka.

A rana ta huɗu da safe, yana shan kunu a ƙofar ɗaki, Zakariyya ya yi sallama. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, kuma bai yi tsokana ba, abin da ya sa Haggai ya ajiye ludayi.

"Baba, taho ka gani. Saniyata ta nutse har gwiwa bisa jinga, wurin da muke bi kullum."

Suka tafi. Ruwa ya tsallake katangar Haggai, amma kaurin yatsa biyu kawai yake zuba, alhali rafuka uku ne ke shigowa daga tsauni da ƙarfinsu. Tsakanin ruwan da kan jingar bai kai kamu ɗaya ba. Zakariyya ya ja shi suka gangara bayan jingar, ya nuna masa wani wuri da sanda. Ƙasa tana tsattsafo da ruwa, faɗin faifai, kuma ruwan ja ne.

Nan Haggai ya sha jinin jikinsa. Wannan ba sai makiyayi ya yi masa bayani ba. A gonar tsauni, idan ruwa ya fito ta gindin katanga fari tas, ba ya damunsa, wucewa yake yi. Idan ya fito ja, ƙasa yake ɗauka, kuma ramin da yake yi a ciki ƙaruwa yake yi. Ya ɗaga kai ya dubi jingar daga ƙasa. A gona, ruwan da ya tsallake hawa ɗaya yana faɗawa hawa na biyu, na biyu ya miƙa wa na uku. Nan babu hawa na biyu. Abin da ke ƙasa gidaje goma sha ɗaya ne, har da na Margaret, da makarantar firamare. Can kan tsauni kuma hadari ya sake haɗuwa baƙi ƙirin.

Kafin hantsi ya yi gari ya taru. Saje Francis ya sa mutanen gidajen ƙasa su kwashe yara da awaki su hau tudu, sannan ya tura maza shida da diga su buɗe katangar. Suka shiga suka yi ta sara. Diga tana tsalle, dutse ko gezau. Wani ya samu ya ɓamɓare guda biyu na sama, na ƙasansu suka ƙara cijewa, domin nauyin ruwan duka yana danne su yadda mai ginin ya tsara. Kuma ga gaskiya mara daɗi: Haggai yana tsaye yana kallo, cikin tsoron da yake ji, sai da wani ɗan daɗi ya ratsa shi ganin ƙarti shida sun kasa aikinsa.

Saje Francis ya fito daga ruwa yana haki. "Baba, kai ka ɗaure, kai za ka kwance. Ta ina?"

Haggai ya dubi katangarsa. Ya san ta ina. A ƙarshen katangar wajen tsauni akwai dutsen da ya sa a ƙarshe, siriri mai kan tsinke, wanda ya buga da guduma ya kulle layin gaba ɗaya. Idan ya fita, sauran za su saki. Amma ya dubi ruwan, kamu biyu a faɗin dam duka, ruwan Maris da Afrilu, ya ji ba zai iya ba.

Ya ce, "A ƙara ma jinga ƙasa. Mu duka ga mu nan, kowa ya ɗauko kwando. Kwana ukku kawai, ruwan sama ya tsagaita."

Zakariyya ya ce, "Ƙasar da anka zuba yau, yau ruwa ka cinye ta. Ta ciki shika ci, Baba, ba ta bisa kaɗai ba. Kai ma ka gani."

"Na gani! An ce maka ban gani ba?"

Ya faɗi haka da tsawa, har mutane suka yi tsit. A cikin shirun ne suka ji ƙarar ƙarfe a kan dutse, ƙwas, ƙwas, tana matsowa. Keziah ce take gangarowa daga gida. Ba ta samu sandarta ba, ko kuma ba ta neme ta ba. Dogon ƙarfen da Haggai ke ɓamɓare duwatsu da shi ta dogaro. Ta daɗe kafin ta iso. Da ta zo ta tsaya kusa da Haggai ta dubi shinkafarta a ƙasan katanga, wadda ta fara fitar da kai. Sannan ta yi masa magana da harshensu, a hankali, amma na kusa sun ji.

"Baban Philemon, karɓi."

"Shinkafarki tana ƙasa."

"Na gan ta. Ni na dasa."

"Ƙafarki fa? Maris yana zuwa. Don ke na yi wannan, ba don su ba."

"Na sani. Tun ranar da ka fara na sani." Ta ɗan gyara tsayuwa, ta sauke nauyinta a ƙafar hagu. "Idan ka buɗe, zan je gulbi a Maris. Idan jingar ta tafi, tun Nuwamba zan fara zuwa, kuma har in mutu. Karɓi, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Margaret ta matso ta riƙe ta don kada ta faɗi.

Zakariyya ya kwance igiyar da yake ɗaure bijimi da ita ya ɗaura wa Haggai a ƙugu, maza huɗu suka riƙe ɗaya bakin daga kan dutse. Tsohon ya tuɓe riga ya shiga ruwa ta gefen dam har ƙirji. Ya laluba da ƙafa, sannan da hannu, ya ƙirga uku daga jikin tsauni, ya samu dutsen. Ya tona lakar da ya dandaƙa da kansa, ya cusa bakin ƙarfen a gefe, ya danna. Bai motsa ba. Ya canza wuri ya sake dannawa, jijiyoyin wuyansa suka tashi. Ya huta, ya tofar da ruwa, ya zagi dutsen da harshe biyu. An fara yayyafi lokacin da ya sa ƙarfen a karo na biyar ya rataya jikinsa duka a kai.

Dutsen ya fito kamar haƙorin da ya daɗe yana girgiɗa. Na kusa da shi ya sunkuya, na bayansa ya bi, sai kawai taku huɗu na katangar suka kife gaba ɗaya, ruwa ya samu ƙofa. Ya fizgi Haggai ya buga shi da dutse, igiya ta miƙe, mazan suka ja da ihu har suka fito da shi kan tudu, ƙaurinsa ya saluɓe yana jini, ƙarfen ya tafi. Yana zaune yana tari ya ga sauran aikinsa na mako uku yana bin ruwa kaɗan-kaɗan. Shinkafar Keziah ba ta ɗauki lokacin cin tuwo ba. Kore ya kwanta, ja ya rufe shi, shi ke nan. Keziah ta kalla har ƙarshe, ba ta kau da kai ba.

Da azahar ruwan sama ya sauko da gaske. Dam ya ƙara hawa duk da mafitar a buɗe take, har ya rage yatsa uku ya taɓa kan jinga, ya tsaya nan kamar mai shawara. Mutane suna kan tudu a jiƙe, ba wanda ya tafi gida. Wajen la'asar Saje Francis, wanda ya kafa kara a bakin ruwa yana dubawa, ya ɗaga hannu ya ce ya fara sauka. Washegari ruwan da ke tsattsafowa a bayan jingar ya koma fari, bayan kwana biyu ya tsaya.

Ba wanda ya tsaya ya zagi Haggai, domin duk wanda zai buɗe baki sai ya tuna da duwatsu nawa ya ɗauko da kansa. Margaret ce kawai ta ce a wajen daka, yadda zai ji, wai da gidanta ya tafi da a ɗakinsa za ta tare ita da awakinta. Shi kuwa ya daina zancen hawa tara. Idan aka zauna hira yakan yi shiru yana sosa tabon ƙaurinsa, kuma mutane suka gane cewa shirun nasa ya fi surutunsa nauyi.

Bayan girbi ya fara tsince duwatsun daga cikin rafi ɗaya bayan ɗaya yana mayar da su kan tsauni, inda aka ɗebo su, yana tayar da katangun da suka rushe don ƙasa ta rage zubowa cikin dam. Saje Francis kuma ya tara maza duk Asabar suna bin ruwa yayin da yake ja da baya suna yashe taɓo da shebur. Aiki ne na shekaru, kuma kowa ya san haka. A wannan rani dam ya kai ashirin ga Maris kafin ya ƙafe. An samu ƙarin kwana goma sha tara, amma damina tana da sauran mako biyar ko shida.

Ran ashirin da ɗaya ga wata da sassafe Keziah ta fito tana ɗingishi, ta nufi inda take ajiye jarka. Ba ta gan ta ba. Ta duba bayan rumbu, ta duba madafa. Sai ta hango mijinta a ƙofar gida yana ɗaure jarka biyu a bakin wata sanda mai ƙwari, tata da wata da ya aro. Ya gwada sandar a kafaɗa, ya sauke, ya gyara ƙullin.

"Baban Philemon, me kake yi?"

"Koma ki zauna."

"Za su yi maka dariya."

"Su yi."

Suka kuwa yi. A hanyar gulbi mata sun kai ashirin a jere, da suka waiwayo suka ga tsoho mai furfura yana biye da su da jarka biyu suna lilo, sai layin ya watse. Wasu suka rufe baki da gyale, wasu ba su ma damu su rufe ba. Maza biyu da ke kan babur suka rage gudu suna kallo. Haggai bai rage tafiya ba, bai kuma ƙara ba.

A gulbi bai san yadda ake yi ba. Ya tona rami a inda yashi ya bushe, ya zauna yana jira, ba abin da ya fito. Margaret ta bar shi ya ɗan jima, sannan ta zo ta nuna masa gindin wani dutse inda yashin ya yi duhu, ta ba shi aron ƙoƙonta, ta ce ya riƙa ɗiba a hankali kada ya dama. Ya yi yadda ta ce. Sai da rana ta ɗaga sannan jarkokin suka cika.

Da ya sunkuya zai saɓa sandar, Margaret ta riƙe ƙugu ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Baba Haggai, wai golmon ne bai ƙare ba? Mu dai mun san bakwai aka yi."

Mata suka fashe da dariya. Haggai ya miƙe da kayan. Ya gyara sandar a kafaɗa, ya juya fuskarsa wajen tudun da gidansa yake, tafiyar sa'a guda, hawa ne duka.

Ya ce, "Waccan bakwai ta ubanta ce. Ita ban yi mata ko ɗaya ba."

Dariyar ta tsaya. Suka buɗa masa hanya, ya wuce gaba, ruwa yana ɗan zuba a kan ƙafafunsa.